Yadda na gyara yoyon robobin man shafawa

Robobi 500 na yi oda daga Sin, murfin famfo kuma na saya daban. Na zuba man shafawa, na murɗa murfi har ya tsaya, amma da roba ta kwanta a kwali sai mai ya biyo ta wuya.

Da farko na ɗauka man ne ya yi ruwa, na ƙara kakin zuma. Bai hana ba. Na canza ɗan faifan cikin murfin, shi ma haka.

Ashe matsalar tana cikin lambar da ban kula da ita ba a takardar oda. Robar 24/410 ce, murfin 24/415. Lambar farko faɗin bakin roba ce a milimita, shi ya sa murfin ya shiga lafiya ya ruɗe ni. Ta biyu kuwa fasalin zaren wuya ce, wato layin da ya zagaye wuyan roba wanda murfi ke bi idan ana murɗa shi: na 400 zagaye ɗaya, na 410 ɗaya da rabi, na 415 zagaye biyu a dogon wuya.

Na sa ma'auni: wuyan robata wajen milimita 16, alhali murfin an yi shi don wuya mai wajen 24. Wato gindinsa yana dira kan kafaɗar roba kafin ya danne baki.

Na sayo famfo 24/410, na yanke bututunsa a karkace daidai tsawon roba don kada ya manne da ƙasa. Na cika guda 10, na kifa su kwana biyu a kan farar takarda. Ko ɗigo babu.

Alhamdu lillahi, na gode wa mai shagon da ya ara mini ma'auninsa.