Yadda Za Ka Gane Malam-Buɗe-Littafin Dare Mai Shuɗin Fiffike

Idan ya lafe a jikin bishiya ya rufe fukafukansa, da wuya ka gan shi. Fukafukan sama toka-toka ne masu zane-zane, sak ɓawon itace. Sai an razana shi ya buɗe, sannan na ƙasa su bayyana: baƙaƙe wuluk, wani faffaɗan layi shuɗi ya ratsa tsakiyarsu, bakinsu kuma fari. Shi ne Catocala fraxini, wanda Linnaeus, masanin halittu ɗan ƙasar Sweden, ya raɗa wa suna a 1758.

Fara da girma. Idan ya buɗe fukafukai yakan kai santimita 8 zuwa 9 ko fiye. Sannan ka dubi fiffiken ƙasa. In ja ne da baƙi, to galibi ɗan uwansa ne Catocala nupta, wanda ya fi shi yawa nesa ba kusa ba. A rufe suna kama da juna sosai, don haka ni ba na yanke hukunci sai na ga launin.

Ana samunsa daga Turai, ta Rasha da Saiberiya, har Koriya da Japan. A Ingila an fara kama shi a wani wuri da ake kira Cliveden a ƙarni na 18. Ya yi zama a dazuzzukan Kent da ke kudu maso gabashin Ingila, ya ɓace a shekarun 1960, sannan daga wajen 2007 ya sake kafuwa a kudancin ƙasar.

Sanin rayuwarsa shi zai nuna maka lokacin fita. Macen tana saka ƙwai a ɓawon asfen (wata bishiya ce ta ƙasashen sanyi) da danginta, ƙwan ya kwana nan duk tsawon hunturu. Tsutsar tana ƙyanƙyashewa idan sabon ganye ya fito, wajen Afrilu ko Mayu, ta ci ganye da dare, da rana ta manne a reshe. Kada ka wahalar da kanka nemanta, launinta ɗaya da reshen. Wajen Yuli takan saƙa wa kanta ɗan gida tsakanin ganyaye, babban kuma ya fito daga Agusta zuwa Oktoba.

Hanyar jawo shi da na fi so ita ce ta zaƙi, duk da cewa yana zuwa wurin fitila. Dafa sukari mai ruwan ƙasa da ayabar da ta nuna luguf har ya yi kauri, ka bar shi ya ɗan yi tsami. Gab da faɗuwar rana ka shafa a jikin bishiyoyin da ke bakin dajin asfen, daidai tsayin ƙirjinka. Daren da ke da ɗumi da gajimare, babu iska, shi ya fi.

Bayan duhu ya yi ka koma a hankali. Kada ka haska shi kai tsaye, kuma ka taka a sannu, domin yana da kunnuwan da yake jin kukan jemage da su, ƙaramin motsi ma kan tashe shi. Yayin shan zaƙi yakan ɗan buɗe fukafukai, a nan za ka ɗauki hotonka ka bar shi a wurin.