Yadda ake cire gashin haɓa da gefen fuska da halawar sukari

Ki zuba sukari kofi 1, ruwan lemun tsami cokali 2 babba, da ruwa cokali 2 babba a ƙaramar tukunya. Ki ɗora a wuta kaɗan-kaɗan, kina juyawa har ya yi launin zuma. A nan aka fi kuskure: in ya yi duhu, zai daskare kamar alewa, in aka sauke da wuri, sai ya riƙa narkewa a hannu. Ki ɗiga kaɗan cikin ruwan sanyi, in ya dunƙule da laushi, ya yi.

Ki bari ya huce, ki gwada a bayan hannu kafin ya taɓa fuska.

Ki tabbata gashin ya kai kusan rabin santimita, in ba haka ba halawar ba za ta kama shi ba. Ki wanke wurin, ki tsane sosai, domin gumi da mai suna hana ta mannewa. Ki shafa ta saɓanin inda gashin ya kwanta, ki danne fatar da ɗayan hannun, sannan ki fizge da sauri ta inda ya kwanta. Kada ki maimaita wuri ɗaya fiye da sau 2.

Har tsawon awa 24 bayan nan, ban da turare, ruwan zafi da rana. Mai shafa man bilicin ko retinol (sinadarin da ke cikin wasu mayukan gyaran fata) ta haƙura da wannan hanyar, fatarta na iya saluɓewa.

In gashin ya ƙaru farat ɗaya, ko al'ada ta rikice, ko murya ta yi kauri, ki je asibiti a duba sinadaran hormon da ciwon PCOS, wato matsalar hormon da ke shafar ƙwan mace.