Yadda za ka gwada giyar Turai da wadda ake dafawa a gida

Shekara 19 na yi ina aikin mashaya a wani otal a Kaduna, kuma babu gardamar da kunnena ya sha kamar wannan: wai Heineken ɗin da aka ɗauko daga Holan ta fi wadda ake dafawa a nan. Na san yawancin masu karanta Hausa Musulmi ne, giya haramun ce a gare su, kuma ina girmama hakan. Wannan bayani na abokan sana'ata ne da manyan da suke sha, domin yana damuna in ga mutum ya biya kuɗi ninki biyu a kan abin da bai taɓa aunawa da bakinsa ba.

Ka fara sanin inda gardamar ta samo asali. A 1988 gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir, wato abin da Turawa ke dafa giyar laga (irin su Star da Heineken) da shi. Dole kamfanoni suka koma ga dawa da masara. Mu da muka tashi inda iyayenmu mata ke jiƙa dawa ta tsiro don burkutu ba mu ga abin mamaki ba, amma ɗanɗanon giyar kwalba ya canza, dattawa kuwa ba su manta ba, ko bayan an ɗage hanin. Har yau idan dattijo ya ce maka "ta gida ba kamar ta waje ba ce", yawanci wancan zamanin yake tunawa. Sai dai akwai bambanci tsakanin giya irin Star, wadda kamfanin Nigerian Breweries ya fara fitarwa a Legas a 1949 da tsarinsa na kansa, da giyar da ake dafawa da lasisin kamfanin Turai. Mai lasisin Heineken ba ya da ikon canza girki. Heineken ruwa ce da tsiron sha'ir da furen hof mai sa wa giya ɗaci, sai yis ɗinta na musamman da kamfanin ke amfani da shi tun 1886, ƙarfinta kashi 5 cikin 100, a Amsterdam ko a Najeriya. Saboda haka kada ka jera Star da giyar Jamus ka ce ka yi gwaji. Suna ɗaya za ka nemo, ɗaya ta waje, ɗaya ta gida.

Kafin ka buɗe, juya kwalbar ka karanta. Ta gida tana ɗauke da lambar NAFDAC da sunan kamfanin da ya dafa ta. Ta waje sau da yawa ba ta da lambar, domin kwastam sun daɗe da sanya giya cikin kayan da aka hana shigowa da su, ke nan wadda ka gani ko matafiyi ne ya zo da ita, ko ta biyo ɓarauniyar hanya. Duba kwanan wata da kyau. Idan ɗaya watanta 2 da dafawa, ɗayar kuma 9, tsufa kake aunawa, ba ƙasa ba. Kuma mazubi ya zama iri ɗaya: gwangwani da gwangwani, kwalba da kwalba.

Ka sa su a firji ɗaya, a bene ɗaya, su kwana. Sanyi ya tsaya wajen digiri 6. Wannan ɗabi'a tamu ta neman giya mai ƙanƙara tana kashe harshe, ko ruwan kwata aka daskarar haka ba za ka ji warinsa ba.

Yanzu ga ainihin gwajin, kuma a nan ne na fi son ka natsu. Kofunan gilashi uku iri ɗaya za ka samu, a ɗauraye su sosai, don ragowar sabulu ko maiƙo na kashe kumfa nan take. Ka fita daga ɗakin. Wani ya zuba giya ɗaya a kofi biyu, ɗayar a kofi na uku, ya rubuta a takarda ya ɓoye. Aikinka na farko ba faɗin wadda ta fi daɗi ba ne. Ka nuna kofin da ya fita daban kawai. Ko makaho ya yi canke zai dace sau ɗaya cikin uku, shi ya sa zagaye ɗaya ba hujja ba ce. A yi sau huɗu ko biyar ana sauya jeri, da kurɓi ƙanana, ana kurkure baki da ruwa. Kada a ci tsire ko yaji kafin a gama, kada a sha taba. Rabin kwalba ya ishi mutum, kuma wanda zai tuƙa mota ya zama shi ne mai zubawa.

Hanci ne gaba da harshe. Idan ka ji wari kamar na jaɓa, haske ne ya taɓa giyar. Koriyar kwalba ba ta tare hasken rana kamar mai ruwan ƙasa, kuma hasken yana lalata sinadarin ɗacin hof cikin ƙanƙanin lokaci. Idan kuwa ka ji ƙanshin jiƙaƙƙen kwali, ko wani zaƙi-zaƙi kamar na tsohuwar zuma, iska da zafi ne suka tsofar da ita. Wannan shi ne ciwon giyar waje. Ta yi makonni a teku, ta zauna a kwantena cikin rana, ta bi mota zuwa Arewa, ta kwana a shago mai rufin kwano. Abin da mutane da yawa ke kira "ɗanɗanon Turai" tsufan hanya ne. Sabuwar laga ƙanshinta kamar ɓawon burodi ne da ɗan ganye-ganye, ɗacinta ya zo ya wuce bai maƙale a maƙogwaro ba.

Akwai wani oga, injiniya, da ya taɓa kawo min gwangwanaye daga wani shago yana cewa in ajiye masa, shi ba ya shan ta gida. Na ce, "Ranka ya daɗe, ka ba ni minti goma." Zagaye biyar muka yi. Ya gane kofin da ya bambanta sau huɗu, harshensa na da kyau, amma duk lokacin da na tambaye shi wanne ya fi so, na gida yake nunawa. Da muka juya gwangwanin nasa, saura mako uku wa'adinsa ya cika.

Ban ce babu bambanci ko kaɗan ba. Ruwan kowane wuri daban ne, ko da an tace shi an daidaita, kuma wanda ya sha giyar a Holan sabuwa fil daga famfo ya sha abin da ba za mu samu a kwalba ba. Amma tsakanin kwalbar da ta yi wata 8 tana yawo da wadda ta fito daga kamfani watan jiya, ni ta watan jiya zan miƙa wa baƙona. Kai mai shago, wannan gwajin zai nuna maka laifinka ma: idan ta gida ce ke warin jaɓa, je ka duba kiret-kiret ɗin da ka jibge a bakin ƙofa, ka mayar da su inuwa tun yau.