Yadda za ka saita injin janyo zafi ya ci wutar rahusa a Birtaniya

Injin janyo zafi (heat pump) na'ura ce mai aiki da lantarki da ke janyo zafin iskar waje ta ɗumama gida da ruwa. Kafin ka taɓa komai, san awannin da wuta ke araha a mitarka. Tsarin biyan kuɗin wuta na Economy 7 yana ba da awa 7 na rahusa da dare, galibi daga tsakar dare zuwa wajen 7 na safe, amma lokacin ya bambanta daga yanki zuwa yanki, kuma wasu tsofaffin mitoci ba sa bin canjin agogon da ake yi a Birtaniya sau biyu a shekara. Tsarin Cosy na kamfanin wuta na Octopus kuwa rahusarsa kashi uku ce: 4 zuwa 7 na asuba, 1 zuwa 4 na rana, da 10 zuwa 12 na dare. Daga 4 zuwa 7 na yamma wutar ta fi tsada.

Fara da tankin ruwan zafi, nan ribar take. Sa shi ya ɗumama sau ɗaya a rana cikin lokacin rahusa, a digiri 48 zuwa 50. In kana kan Cosy, zaɓi na rana, domin iskar waje ta fi ɗumi a lokacin, injin ba ya wahala wajen janyo zafinta. Dafa ruwan zuwa digiri 60 da ake yi mako-mako don kashe ƙwayar cutar lijonela shi ma ka mayar da shi nan, tunda yawanci hitar cikin tanki mai kilowat 3 ce ke ƙarasa shi.

Ɗumin ɗakuna ne mutane ke yi wa gaggawa. Kada ka kashe injin gaba ɗaya lokacin tsada kamar yadda ake kashe tukunyar ɗumama gida mai aiki da gas. In bango ya huce, sai injin ya tashi da ƙarfi, ya ɗaga zafin ruwan da ke zagaya radiyeta (ƙarafan da ke ɗumama ɗaki) daga digiri 35 ko 40 zuwa sama da 50, abin da ka tara ya tafi. Ƙara ɗumin ɗaki da digiri 1 ko 2 kawai a lokacin rahusa, ka rage 2 da yamma. Gidan da bututun ɗuminsa ke cikin kankaren daɓe ya fi riƙe zafin nan. Gida mai yoyon iska ta taga kuwa cikin awa ɗaya ka ji sanyi a ƙafa.

Bar saitin da ke bin yanayin waje a kunne. In ka ga tururi yana tashi daga injin da safiyar sanyi, ƙanƙarar jikinsa yake narkarwa, ba lalacewa ba ce. Canza abu ɗaya a mako, ka rubuta karatun mita kafin da bayan.