Bayan canjin lagireto a Yamai: gwada hita kafin ka ɗauki hanya

Wanda ya sauka Yamai cikin bazara, zafi na haura digiri 40, kilim yake nema, wato na'urar sanyaya cikin mota, ba ruwansa da hita. Haka ma yawancin masu garaji. In lagireto ya fashe aka sa wani, sai a cika ruwa, a rufe murfi, a miƙo maka makulli, babu wanda ya murɗa maɓallin zafi ya ji. Alhali hita ce za ta fara gaya maka ko iska ta maƙale a cikin inji.

Hita wani ɗan lagireto ne da ke ɓoye bayan dashbod, ruwan inji ke ratsa shi, kuma a motoci da yawa tiyonsa na can sama-sama. Iska kuwa sama take hawa, can take taruwa. In inji ya ɗau zafi amma hita na hura sanyi, ko tana ɗumi in ka taka totur ta huce in ka tsaya a danja, ko kana jin ruwa na kululu a bayan dashbod da safe, ko allurar zafi na hawa tana sauka babu dalili, to mai yiwuwa akwai iska. Haɗarin ba na hita ba ne. Inda iska ta zauna a kan inji ruwa ba ya taɓa ƙarfe, wurin sai ya gasu, daga nan sai ƙonewar gasket, wato shimfiɗar da ke like kan inji da gangar jikinsa, wanda a garajin nan za ka ji ana ce masa juwan kilas.

Fitar da iskar aikin safe ne, inji na sanyi. Ajiye motar hancinta a tudu. Buɗe murfin lagireto, kai hita ƙarshen zafi, fankarta a lamba ɗaya, kilim a kashe. Kafa mazurari a bakin ka riƙa zuba ruwa a hankali. Zubin gaggawa shi ke kulle iska a ciki. Ƙaramar mota irin Corolla tana shan lita 5 zuwa 7, saboda haka in an zazzage ruwan duka amma lita uku ta cika ta, da saura. Ta da inji ka bar shi a silo, kana matsa babban tiyon sama da hannu, ka yi hattara da fanka. Za ka ga ƙwayoyin iska na ɓullowa a mazurari. Tamostat, wato kalorstat a bakin masu garajin Yamai, shi ne bawul ɗin da ke tare ruwa kada ya shiga lagireto sai inji ya ɗau zafi, yakan buɗe tsakanin digiri 82 da 88. Da ya buɗe tiyon sama zai yi zafi, ruwa ya faɗa ƙasa lokaci guda, sai ka ƙara. Ɗan taka totur zuwa 2,000 ko 2,500 sau biyu ko uku, ka jira fankar lagireto ta tashi ta mutu sau biyu. Sannan ka rufe, ka cika robar ajiyar ruwan lagireto tsakanin layukanta biyu. Washegari kafin ka ta da mota ka sake dubawa, galibi sai ta nemi ƙari.

Peugeot da Renault ba sa yarda da wannan kaɗai. Suna da ƙananan notocin fitar da iska, biyu ko uku, a jikin tiyon hita da gidan tamostat. Ana kwance su tun wajen zubi, a ɗaure kowanne in ruwa ya fito sambal babu tartsatsi, daga na ƙasa zuwa na sama. Na roba ne da yawansu, kada yaron garaji ya sa musu ƙarfi.

In an yi duk wannan hita ba ta yi zafi ba, taɓa tiyo biyun da suka shige bangon da ke bayan inji. Duka da zafi, matsalar tana wajen maɓalli ko ƙyauren da ke juya iska. Ɗaya zafi ɗaya sanyi, cikin hitar ya toshe da tsatsa, sai a wanke ta da ruwa ta baya. Wani lokaci ma za ka tarar an yanke tiyon an haɗe su da juna, domin hitar ta taɓa yoyo a hannun mai motar na baya. Kumfar da ba ta ƙarewa a mazurari kuma, tare da farin hayaƙi a salansa ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, wannan ba iskar zubi ba ce, gasket ya riga ya tafi.

Za a ce maka, "Alhaji, a cire kalorstat, ƙasar nan ba ta sanyi ba ce." Kada ka yarda. Da ɗari, a Disamba da Janairu, inji zai daɗe bai kai zafinsa ba, ya sha mai, kuma a wasu injuna cire shi na sa wani ruwan ya riƙa zagaye bai bi ta lagireto ba. Ruwan famfo ko na rijiya zalla shi ma bari ne, yana barin gishiri da tsatsa. Sayi ruwan sanyaya inji haɗaɗɗe, ko ka gauraya mai kauri rabi da rabi da ruwan batir wanda ba asid. Murfin lagireto ma a duba lambar matsin da ke rubuce a kansa, na Toyota yawanci 0.9 ko 1.1 ne, mai sakakken sifirin yana sa ruwa tafasa da wuri.

Yamai zuwa Tawa ta Doso, Dogon Dutsi da Ƙonni ya haura kilomita 500. Kada ka ɗauki wannan hanya ranar da aka canza lagireto. Yi kwana biyu kana zagaya gari kana duba ruwa. In allura ta hau a hanya, kashe kilim, kunna hita da fankarta har ƙarshe don ta rage wa inji zafi, ka nemi gefe ka tsaya, kuma kada ka taɓa murfi sai inji ya huce, aƙalla rabin awa.