Kwamfuta ta kunnu amma allo baƙi ƙirin: kada ka yi saurin sayen sabon katin hoto

Fanka na juyawa, fitilar gaban akwati a kunne, amma allo ko ɗigon haske babu. Duk wanda ya ga haka a kwamfutarsa ta tebur, abin da yake fara faɗa shi ne katin hoto, wato farantin da ke cikin akwati mai tura hoto zuwa allo, ya ƙone. Ni kuwa da gyaran kwamfuta ne aikina, ba na yarda kati ya mutu sai na gama da waya, da RAM (ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta), da wuta, domin yawancin waɗanda ake kawo mini da wannan matsala, katinsu lafiyarsa lau. Abin yana ci mini rai in ga mutum ya zuba kuɗinsa a kan kati alhali waya ce ta saki.

Doka ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan: ka canza abu ɗaya, ka kunna, ka duba, sannan ka taɓa na gaba. Idan ka cire RAM, ka sauya waya, ka kuma zare batir a lokaci guda, ko da hoto ya dawo ba ka san mai laifin ba, kuma ranar da ya sake ɗaukewa daga farko za ka fara.

Fara da monita ita kaɗai. Cire wayar da ta haɗa ta da kwamfuta, ka bar ta wuta kawai, ka danna maɓallin menu da ke ƙasa ko bayanta. Idan menu ya fito, ko ta rubuta No Signal, to monita na da rai, saƙo ne bai iso gare ta ba. Idan fitilarta ma ba ta kama ba, matsalar wuta ce, sai ka duba soket da wayar wutar. Akwai kuma hali na uku da mutane ba su cika sani ba: fitila a kunne, allo baƙi, menu bai fito ba. Kashe hasken ɗaki, ka haska allon da tocila daga gefe, ka matso da ido sosai. In ka hangi inuwar rubutu ko hoto a dushe, fitilun da ke bayan gilashin ne suka mutu, kwamfutarka ba ta yi komai ba.

Monita mai rai kuma, duba ko tana sauraron ƙofar da ka sa wa waya. Mai ƙofofi biyu ko uku tana da maɓallin Input ko Source. Waya na HDMI 1, ita kuwa tana jiran DisplayPort, haka za ta zauna shiru har gobe.

Yanzu zagaya bayan akwatin, domin a nan ne aka fi yin ɓatan kai. Idan akwai katin hoto a ciki, za ka ga ƙofofin allo a wuri biyu: na sama, kusa da na USB da na sauti, na madabod ne, wato babban farantin da komai ke zaune a kansa, na ƙasa da suke kwance a jere su ne na katin. Muddin akwai kati, wayar monita a ƙasa take shiga, saboda yawancin madabod suna rufe ƙofofinsu da zarar sun ga kati. Wannan na yawan faruwa bayan an ɗauke kwamfuta an canza mata wuri, ko an cire wayoyi don shara. Ka kuma sani cewa ƙofar sama ba ta ba da hoto sai idan furosesa ɗin, wato guntun da ke yi wa kwamfuta lissafi, na da sashen hoto a cikinsa. Na Intel da lambarsu ta ƙare da F, irin su i5-12400F, ba su da shi. Na AMD Ryzen kafin jerin 7000 da ya fito a 2022, sai masu G a ƙarshe, kamar 5600G, ne ke da shi. Da furosesa marar sashen hoto, ƙofar sama ba za ta taɓa nuna komai ba, kuma hakan ba lalacewa ba ne.

Gwada wata waya, ko ta aro ce. Idan VGA kake amfani da ita, mai shuɗin kai da allurai 15, leƙa cikin kan ka ga ko wata allura ta lanƙwashe, ka kuma ɗaure kusoshinta biyu. Game da na'urorin da ke juya wata ƙofa zuwa wata, galibinsu hanya ɗaya suke bi: wadda aka yi don ɗaukar hoto daga HDMI zuwa VGA ba ta yin akasin haka, haka ma yawancin wayoyin DisplayPort zuwa HDMI. In akwai talabijin a kusa, haɗa kwamfutar da ita ta HDMI. Gwaji ne na minti biyu da ke raba gardama tsakanin monita da akwati.

Idan duk wannan bai yi ba, tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: a daidai ina hoton yake ɓacewa? Kashe kwamfutar, ka kunna, ka zuba wa allo ido tun daga daƙiƙar farko. Idan tambarin kamfani ya fito sannan allo ya yi baƙi lokacin da Windows ke shirin tashi, kayan ciki na aiki, manhaja ce ta rikice, sai ka tsallake zuwa ƙasa. Idan kuwa ko tambari bai fito ba, danna Caps Lock ko Num Lock ka ga ko fitilar kibod tana kamawa tana mutuwa. In tana amsawa, kwamfutar ta tashi, hanyar hoto ce kawai a toshe. In ba ta amsawa, ta maƙale tun a binciken da take yi wa kanta kafin ta tashi, wanda ake kira POST, kuma dole a buɗe akwati.

Kafin hannunka ya shiga ciki, zare wayar wuta daga bango, ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 20 zuwa 30 don sauran wutar da ta rage ta fice. Wani lokaci wannan kaɗai yana dawo da hoto, don haka mayar da waya ka gwada kafin ka kwance ko kusa ɗaya. Idan za ka taɓa kayan ciki, riƙa taɓa ƙarfen akwatin tukuna. Akwatin wuta kuwa, wannan mai fanka da wayar bango ke shiga, kada ka buɗe shi ko da wasa. Yana riƙe wuta mai iya kisa bayan an zare shi.

Madabod na zamani da yawa suna da ƙananan fitilu huɗu a gefe, an rubuta CPU, DRAM, VGA da BOOT, wato furosesa, RAM, katin hoto da faifan da Windows ke kai. Kunna kwamfutar a buɗe ka ga a kan wacce hasken ya tsaya, ita ce ke nuna maka inda aka maƙale. Tsofaffi kuma ƙara suke yi, ɗit ɗit, in akwai ɗan lasifika a ciki. Kwamfutocin ofis irin na Dell da HP suna ƙyafta fitilar maɓallin kunnawa sau kaza. Ma'anar ƙarar da ƙyaftawar ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka ka ƙirga da kyau, ka nemi littafin samfurin da ke hannunka, kada ka ɗauki na wani.

RAM nake fara taɓawa, kuma ita ce ta fi ba ni sakamako. Buɗe maƙallan gefe, ka zare duka, ka hure ramukan, ka goge haƙoran zinaren a hankali da robar goge fensir mai tsabta, ka kakkaɓe ɓurɓushin. Mayar da guda ɗaya tak. A madabod mai ramuka huɗu, galibi na biyu daga furosesa ne ake fara cikawa, wanda aka rubuta wa A2, sai na huɗu, B2. Danna ta da ƙarfi daidai a ƙarshen biyu har ka ji ƙas. Mutane na tsoron karya ta, sai su bar ta rabi a ciki rabi a waje, wannan kuwa shi kansa yana hana hoto. Ba ta tashi ba, sa ɗayar a ramin. Idan ɗaya ta tashi ɗaya ta ƙi, ka kama ɓarawonka. Wani abu game da RAM samfurin DDR5: bayan an taɓa ta ko an sake saitin BIOS, wato manhajar madabod da ke tashi kafin Windows, kwamfuta kan zauna da baƙin allo na 'yan mintoci tana daidaita ta. Ka yi haƙuri ka ba ta minti biyar kafin ka yanke hukunci.

Sai katin. Kwance kusar da ta riƙe shi, ka danna maƙallin da ke ƙarshen ramin da yake zaune a ciki, wato PCIe, ka zaro shi a miƙe. Manyan katuna suna da nauyi, a hankali sukan rinjaya su saki daga ramin, musamman bayan an yi tafiya da akwatin. Mayar da shi har maƙallin ya kama. Daga nan duba wayoyin wutarsa. Ramin da kansa wat 75 kawai yake bayarwa, shi ya sa kati mai ƙarfi ke neman ƙari: filogi mai ƙafa 6 yana ƙara wat 75, mai ƙafa 8 yana ƙara 150. Duk ƙofar wuta da ke jikin katin sai an cika ta. Ka lura, wayar furosesa ma ƙafa 8 gare ta amma ba iri ɗaya ba ce, karanta rubutun da ke kan filogin, kada ka tilasta wanda ya ƙi shiga. Sabon filogi mai ƙafa 16 da ya zo da katunan RTX 4090 a 2022 yana ɗaukar har wat 600, kuma an samu waɗanda suka narke saboda ba a tura su har ƙarshe ba. Kada ka bar ko siririn gibi tsakaninsa da katin. Fankar kati da ba ta juyawa kuwa ba shaida ba ce: da yawa sai sun ɗauki zafi suke fara juyi.

Idan furosesa ɗinka na da sashen hoto, ga gwajin da na fi so. Cire katin gaba ɗaya, ka sa wayar monita a ƙofar sama. Hoto ya fito, zargi ya koma kan kati ko wutar da ake ba shi. Bai fito ba, kati ya kuɓuta, a bar shi ya huta.

Abu na ƙarshe a cikin akwati shi ne batirin madabod, CR2032 mai volt 3, zagayayye kamar kwabo. Cire shi na minti biyar, wayar wuta a zare, sannan ka mayar, BIOS zai koma saitin kamfani. Amma in an kulle faifanka da BitLocker, wato makullin bayanai na Windows, nemo lambobin ceto guda 48 tun kafin ka yi haka, domin Windows na iya tambayarka su.

Mu koma ga wanda hotonsa ke ɓacewa bayan tambari. Danna maɓallin Windows da Ctrl da Shift da B tare. Wannan yana sake tayar da direban hoto, wato manhajar da Windows ke sarrafa katin da ita, za ka ji ɗan ƙara allo ya ƙyafta. Bai yi ba, danna Windows da P, ka sake danna P, sannan Enter, ko da Windows na tura hoton zuwa wani allo da ba ya nan. Idan kibiyar maus kaɗai kake gani a kan baƙi, danna Ctrl da Shift da Esc, ka zaɓi Run new task, ka rubuta explorer.exe. Idan monita ce ta rubuta Out of Range, an zaɓa mata girman hoto ko saurin sabuntawa da ya fi ƙarfinta.

Maganin wannan da na direba mai rikici duk ta Safe Mode ake bi, wato yanayin da Windows ke tashi da direbobi na tilas kawai. Kunna kwamfutar, da Windows ta fara tashi ka danne maɓallin kunnawa har ta mutu. Yi haka sau biyu, a na uku ka ƙyale ta, za ta shiga shafin gyara. Bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, Restart, sannan ka danna 4. In hoto ya fito a nan, direba ne. Buɗe Device Manager, ƙarƙashin Display adapters ka zaɓi katinka, ka yi Roll Back Driver idan matsalar ta biyo bayan sabuntawa. In ba haka ba, share direban gaba ɗaya da manhajar DDU, ka sauke sabo daga shafin NVIDIA, AMD ko Intel kai tsaye. Manhajojin da ke alƙawarin sabunta maka duk direbobi da dannawa ɗaya, ni ba na barin su a kwamfutar da ta bi ta hannuna.

Akwai kuma wanda hotonsa na fitowa amma da layuka, ko ɗigo-ɗigo masu launi, ko allon ya rine ya zama ruwan hoda ko kore. Rinewa a kan VGA kusan kullum allura ce, domin ja da kore da shuɗi kowanne da tasa. Ga sauran, ɗauki hoton allon da Print Screen, ka tura wa wayar hannunka ka buɗe. Idan ya fito tsaf, ɓarnar tana faruwa ne a hanya: ƙofa, waya ko monita. Idan layukan sun biyo shi, daga kati ne ko direbansa. Shiga BIOS ka duba. A can direban Windows bai fara aiki ba, don haka layukan da suka bayyana a nan na kayan aiki ne. In kuwa sai ka fara wasa ko aikin bidiyo allo ke ɗaukewa, zafi ne ko ƙarancin wuta. Sa manhajar GPU-Z ka kalli zafin yayin aiki. Kati da ke haura digiri 90 yana buƙatar a hure masa ƙura, wataƙila kuma a sabunta man da ke tsakanin guntun katin da ƙarfen sanyaya shi. Kwamfutar da ke mutuwa ɗungurungum a irin wannan lokaci, akwatin wuta nake zargi kafin kati.

Ina yarda kati ya mutu ne idan na sa shi a wata kwamfuta mai lafiya da isasshiyar wuta ya yi irin abin da ya yi a gida, ko kuma na sa wani kati a wannan kwamfutar ta tashi lafiya. Saƙon kuskure na Code 43 a Device Manager da ya ƙi tafiya bayan an share direba an sa sabo shi ma babbar alama ce. In haka ta tabbata, duba ko garantinsa bai ƙare ba kafin ka kwance masa ko kusa ɗaya, kuma in furosesa ɗinka na da sashen hoto, ka ci gaba da aikinka ta ƙofar sama har ka samu wani.