Yadda Ake Ɗanɗana Zuma a Gidan Masu Amya

Yawancinmu a Bauchi a robar ruwa muke sayen zuma, a Kasuwar Wunti ko Muda Lawal ko a bakin titi, kuma tambaya ɗaya tak muke yi wa mai talla: tsantsa ce ko an yi mata algus? Tambayar tana kan hanya, sai dai ta ɗauke mana hankali daga abin da aya ta 69 ta Suratun Nahli ta ambata, cewa abin shan da ke fita daga cikunan ƙudan zuma launukansa sun sha bamban. Bambancin bai tsaya a launi ba, ya kai ga ƙamshi da kauri da abin da ke saura a harshe, kuma wanda yake son ya san shi, sai ya nemi gidan da suka gaji ɗora amya a ƙauyukan Toro ko Ningi ko Alkaleri, inda mai zumar zai iya nuna masa bishiyar da amyar take a kai.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga ƙarshen hunturu zuwa bazara, bayan kaɗanya da ɗorawa da mangwaro sun gama fure, kafin ruwa ya sauka. A je da hantsi, ba a ƙoshe ba, ba kuma da yunwa ba. A bar goro da yaji da shayi mai citta sai an gama, kada a fesa turare, kuma mai mura ya ɗage tafiyar, domin rabin aikin na hanci ne. Kayan aikin ba su da yawa: ƙananan kofunan gilashi masu tsabta, cokali daban ga kowace zuma, da ruwan sha wanda bai yi sanyi ba. A ƙasar Italiya, inda ake da rajistar ƙwararrun masu ɗanɗana zuma, kofi mai faɗin ciki da tsukakken baki suke amfani da shi saboda yana tara ƙamshi wuri ɗaya, amma kofin shayi na gilashi ma ya wadatar.

Bayan gaisuwa, kafin cokali ya taɓa baki, a tambayi mai gida watan da aka ɗebi kowace zuma, da itatuwan da ke kewaye da amyar, da yadda aka tace ta. Ƙudan zuma kan yi kiwo har nisan kilomita uku daga amya, don haka zumarmu gauraye ce ta furanni da dama, amma a kowane ɗiba akwai furen da ya rinjaya, kuma tsofaffin masu sana'ar sun san shi. Idan da kurna a kusa, a kula sosai, domin zumar sidir ta Yaman da ake saye da tsada, daga furen wannan bishiyar take.

Sai a zuba kamar cokali biyu a kofi, a ɗaga shi wajen haske. A nan nake son a daɗe, domin a nan aka fi yin kuskure. Mutane da yawa sun ɗauka baƙar zuma ita ce ta ainihi, wasu kuma ba sa yarda sai da farar saƙa, alhali duhun zuma yana da sanadi uku: ko daga furen ne, ko daga tsohuwar saƙar da ƙuda ya sha yin 'ya'ya a cikinta, ko kuma an ɗora ta a wuta wajen raba ta da kaki. Na farkon ba aibu ba ne, na ukun kuwa ɓarna ce. A karkata kofin a ga yadda take gangarowa. Ƙa'idar da aka yarda da ita a duniya ita ce kada ruwan da ke cikin zuma ya haura kashi 20 cikin 100, kuma ƙudan da kansa ba ya liƙe bakin saƙa da kaki sai ruwan ya sauko kusa da kashi 18. Wadda aka ɗiba kafin a liƙe ta takan yi tsululu, ta yi kumfa a sama, ta kumbura robar da aka zuba ta.

Daga nan a rungume kofin da tafin hannu ya ɗan ɗumama, a shafa zumar a jikin gilashin da cokali, a kai hanci a shaƙa a hankali sau biyu ko uku, a janye. Abin da ake nema shi ne ƙamshin fure ko na itace ko na kaki. Abin da ake gudu kuwa shi ne tsami irin na kunun da ya kwana, da ƙauri, da warin abin da aka taɓa zubawa a jarka. Ɗan hayaƙi ba abin mamaki ba ne, tunda da dare ake hawa bishiya da damin ciyawa mai wuta, amma idan hayaƙin ya danne komai, mai ɗiban ya wuce gona da iri.

Sannan a ɗebi abin da bai kai rabin ƙaramin cokali ba, a ɗora a tsakiyar harshe, a bar shi ya narke, a rufe baki a fitar da numfashi ta hanci. Zaƙi ne zai fara zuwa, kuma kowace zuma tana da shi, saboda haka ba shi ne abin saurare ba. Abin da ke biyo bayansa shi ne zancen: ɗan tsami, ko ɗan ɗaci irin wanda furen darbejiya ke bari, ko wani ɗumi a maƙogwaro da kan daɗe bayan an haɗiye. Zumar da aka haɗa da narkakken sukari ko mazarƙwaila zaƙinta kan zo gaba ɗaya ya wuce gaba ɗaya, ba ya barin komai. A fara da mai haske a ƙare da mai duhu, a kurkure baki tsakanin kowace biyu, kuma kada a wuce kala huɗu ko biyar a zama ɗaya, domin harshe yana gajiya.

Wani dattijo a ƙasar Toro ya taɓa yanko mini saƙa liƙaƙƙiya da wuƙa, ya miƙo mini a kan ganye, ya ce in tauna wannan tukuna kafin in taɓa ta kwalba. Kakin ya fashe a haƙorina, zumar ta cika bakina da ƙamshin da ban taɓa ji a ta kasuwa ba. Tun daga ranar nake ba kowa shawara ya roƙi mai gida guntun saƙa, ya mayar da ita ma'auni: idan tatacciyar ta yi nisa da ta saƙar, to wani abu ya faru tsakanin amya da kwalba. Wannan ya fi mini gwajin ashana da na ɗiga zuma a ruwa, domin kauri kawai suke nunawa, kuma sukarin da aka dafa ya yi kauri yana iya tsallake su.

Idan an zaɓi wadda za a saya, a tuna cewa lita ɗaya ta nunanniyar zuma tana kai kimanin kilo 1.4. A zuba ta a kwalba busasshiya mai murfi, a rubuta wata da sunan ƙauyen a jiki. In ta daskare ta yi tsaki-tsaki da hunturu, ba shaidar algus ba ce, ɗabi'ar sukarin da ke cikinta ce, sai a tsoma kwalbar a ruwan ɗumi wanda hannu zai iya jurewa, kada a ɗora ta a wuta. Kuma komai kyawunta, likitoci sun hana a lasa wa jaririn da bai cika shekara ɗaya ba.